Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun: Makaɗin da Ya Yi Haƙurin Koyo

 

Gabatarwa

Al'adar wannan mujalla ce a kowace shekara ta keɓe 'yan shafuka domin tunawa da wani daga cikin mazan jiya, ko malami, ko basarake, ko attajiri, don na baya su san irin turbar da na gaba suka bi. A bana da kwamitin mujalla ya ɗora mana wannan nauyi, sai muka zaɓi mutumin da ba a Ƙofar Dawanau aka haife shi ba, hasali ma ba Bakano ba ne, amma da wuya a sami gida a unguwar nan da muryarsa ba ta taɓa shiga ba. Wannan mutum shi ne marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, makaɗin kotso, wanda Allah ya yi wa rasuwa a shekarar 1991.

Mai yiwuwa wani daga cikin dattawanmu ya ce, ina ruwan mujallar ci gaban unguwa da tarihin makaɗi? Hanzarinmu shi ne, mun shafe fiye da shekara talatin muna riƙe da alli, kuma tun daga kwalejin horon malamai har ranar da muka ajiye aiki, tambaya guda ce ba ta rabu da mu ba: ta yaya yaro yake zama gwani? Da muka zauna muka dubi rayuwar Ɗanƙwairo da idon malamin makaranta, sai muka tarar da amsa a inda ba mu taɓa nema ba. Jama'a sun fi sanin shekaru talatin na ƙarshen rayuwarsa, lokacin da sunansa ya game Arewa. Mu kuwa shekaru hamsin na farko ne suka fi jan hankalinmu, domin a cikinsu aka ƙera shi. Batun hukuncin kiɗa a addini fagen malamai ne, mun bar musu. Abin da ke gabanmu shi ne tarihin mutum da yadda ya koyi sana'arsa.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Musa a ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yau, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma shi ma a hannun nasa mahaifin ya sami kiɗa. Ke nan Musa ya buɗe ido ne a gidan da ganga take rataye a bango kamar yadda allo yake jingine a gidan malami. Gidan nasu ya haɗa kiɗa iri biyu, wato kiɗan noma da kuma kiɗan fada, inda suke ƙarƙashin Sarkin Kayan Maradun, wanda shi ne laƙabin mai sarautar Maradun a wancan zamani. Wannan ne dalilin da ya sa ake jingina sunansa ga Maradun, ko da yake ba can aka haife shi ba.

Ya kamata yaranmu na birni su san mene ne kiɗan noma. A da, idan damina ta kankama, mai gona yakan kira gayya, samarin gari su taru da fatanyu da garemani su yi masa aiki a yini guda. Makaɗi yakan bi su a baya yana kiɗa, yana kiran kowane manomi da kirarinsa, yana zuga mai ƙwazo, yana yi wa rago habaici har kunya ta sa ya sunkuya. A irin wannan fage babu wurin ɓoye kasawa. Idan kiɗa ya yi sanyi, hannun manoma ma ya yi sanyi, kuma kowa zai gani a kunya. Mu da ƙofarmu take fuskantar Dawanau, inda hatsin Arewa yake taruwa, ya dace mu tuna cewa muryar da ta cika fadoji a bakin gona ta fara gogewa.

Sunan Ɗanƙwairo kuwa laƙabi ne. A cikin yaran mahaifinsa akwai wani mai suna Ƙwairo, wanda Allah ya hore wa zaƙin murya. Da Musa ya fara buɗe baki yana amshi, sai aka ji muryarsa ta yi kama da ta wancan, aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo, har laƙabin ya danne sunan yanka. Akwai abin lura a nan: sunan da duniya ta san shi da shi na wani bara ne a gidansu, wanda ya riga shi iyawa.

Makarantar da Ba Ta da Allo

A zamaninmu, shekara biyar ake yi a kwalejin horon malamai bayan firamare kafin a ba mutum takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, kuma ba a ba shi sai ya fita koyarwar gwaji, an zauna a bayan aji an ga yadda yake riƙe yara. Gidan makaɗan fada ma yana da nasa tsarin, sai dai ba a rubuce yake ba, kuma ya fi namu tsawo nesa ba kusa ba. Ta wannan tsari Musa ya bi tun yana ƙaramin yaro, yana bin mahaifinsa duk inda kiɗa ya kai su.

Matakin farko shi ne hidima da sauraro. Yaro yakan ɗauki kayan kiɗa, ya je aike, ya zauna a gefe ya yi shiru. Ba a tambayarsa komai, amma kunnensa yana tara abin da bakinsa zai fitar bayan shekaru. Mataki na biyu shi ne amshi. Kowace waƙar fada tana da gindi, wato 'yan layukan da ake komawa gare su bayan kowane ɗa na waƙar. Aikin ɗan amshi ne ya san daidai inda jagora zai sauke, ya karɓa ba tare da ya riga ba, ba tare da ya makara ba, kuma ya saje muryarsa da ta 'yan'uwansa har a ji kamar mutum guda ne. A nan yaro yake koyon abin da ya fi kowane darasi wuya, wato ya rage muryarsa domin waƙa ta yi kyau.

Mataki na uku shi ne hannu. Kotso ganga ce mai siririn ƙugu kamar kalangu, sai dai baki ɗaya ake rufewa da fata, ɗaya bakin a bar shi buɗe. Ana liƙa danƙo a tsakiyar fatar domin amo ya zauna, ana rataya shi a kafaɗa, a kaɗa da yatsu ba da makaɗi ba, a riƙa matsa tsarkiyarsa ana sassautawa domin murya ta hau ko ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, gwanin kotso yana iya sa shi ya faɗi take, wanda ya san fada kuma ya gane wa ake kira. Daɗin daɗawa, a ƙungiyar kotso masu amshi su ne masu kiɗa, saboda haka dole hannu da baki su yi aiki tare, kowanne bai tauye ɗan'uwansa ba.

Mataki na huɗu shi ne ilimin fada, kuma a nan ne mutane da yawa ba su san nauyin da ke kan makaɗi ba. Wajibi ne ya haddace salsalar ubangidansa, wa ya haifi wa, wa ya yi sarauta bayan wa, wane yaƙi aka yi, wane gari aka kafa. Wajibi ne ya san kirarin kowace sarauta, ya san wanda ake ambata kafin wani, ya san 'yan sarkin da suka nemi gadon ba su samu ba. Kuskure guda a gaban jama'a yana iya zubar da mutuncin gidan da aka shekara ɗari ana ginawa. Babu littafin da ake dubawa. Ƙirji shi ne littafin.

Sai bayan duk wannan ake barin mai koyo ya sa baki a shirya waƙa. Waƙar fada ba a fagen taro ake ƙirƙirar ta ba. Jagora yakan zo da gindi, a zauna a gida, galibi da dare, a yi ta maimaitawa, wannan ya kawo kalma, wancan ya gyara, har ta nuna kafin a kai ta gaban sarki. Wannan ya bambanta su da irin su marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda bai gaji kiɗa ba, kuma ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Kowane da kiwon da ya karɓe shi, amma hanyar Ɗanƙwairo ita ce hanyar makaranta.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ta san wannan tsari ba. A ƙasar Mali akwai gidajen da suka gaji kiɗan fada tun zamanin tsohuwar daularsu, irin su gidan Kuyate da gidan Jabate, inda marigayi Tumani Jabate, gwanin kora da ya rasu a 2024, ya tashi a gidan mahaifinsa Sidiki, wanda shi ma gwanin kora ne. A Indiya ɗalibin kiɗan gargajiya yakan tare a gidan malaminsa shekara da shekaru yana hidima. Turawa kuwa sai suka mayar da abin makaranta mai gini da jarrabawa, kamar wadda aka kafa a birnin Faris a 1795. Hanyoyin sun bambanta, amma duk sun haɗu a kan cewa gado ba ya wadatarwa sai da koyo.

Daudun Kiɗi

Bayan rasuwar mahaifinsu, shugabancin kiɗan gidan bai faɗo hannun Musa ba. Wansa ne, wanda aka fi sani da Kurna, ya gaji uban, kuma kada mai karatu ya rikita sunan da unguwar Kurna da muka sani a nan Kano. Kurna shi ma makaɗi ne mai suna a ƙasar Zamfara. Musa sai aka ba shi muƙamin Daudun kiɗi, wato mataimakin shugaba. Makaɗan fada sukan tsara ƙungiyarsu kamar yadda fada take tsare, da muƙamai da ladabi, kowa ya san matsayinsa a wajen tsayuwa da wajen rabon abin da aka samu.

Wannan zango na rayuwarsa shi ne ya fi ba mu sha'awa. Ga mutum mai muryar da tun yana yaro aka shaide ta, ga basira, ga ƙuruciya, amma ya tsaya a bayan wansa yana karɓa masa waƙa shekaru masu yawa. Da irin zuciyar wasu ce, da tuni ya ja 'yan amshi biyu ya ware, ya ce shi ma ya isa. Bai yi haka ba. Kuma zaman bai tafi a banza ba, domin Daudu shi ne yake tsakanin jagora da 'yan amshi. Yana ganin yadda ake jan waƙa, yana kuma jin wahalar masu karɓa. Duk wanda ya taɓa zama mataimakin hedimasta ya san cewa a wannan kujera ake koyon riƙon makaranta, ba a kujerar gaba ba.

Alamar wannan dogon zama ta fito fili a waƙoƙinsa na baya. Duk mai sauraron Ɗanƙwairo zai lura cewa 'yan amshinsa ba maimaita gindi kawai suke yi ba. Yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari mai tsawo shi yana hutawa, sa'an nan ya dawo ya ɗora daidai inda suka ajiye. Irin wannan karɓeɓeniya ba ta samuwa sai ga jagoran da ya san amshi ciki da bai, wanda kuma ba ya ƙyashin a ji muryar yaransa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi kuwa ya gina sana'arsa a kan haka.

Fitowarsa Fili

Ɗanƙwairo ya kai kimanin shekara hamsin kafin sunansa ya tsallake ƙasar Sakkwato. Sanadin haka shi ne haɗuwarsa da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966. Sardauna jinin Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, ga sarauta ga mulkin zamani, saboda haka waƙarsa tana buƙatar makaɗin da ya san salsala, ya kuma iya magana a kan siyasar yau. Abin da Musa ya tara a shekarun hidima da amshi, a nan ya yi masa rana. Waƙoƙin da ya yi wa Sardauna sun zo daidai da kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, sai ga muryar da a da sai wanda ya je ƙofar fada yake jin ta, ta shiga kowane zaure daga Sakkwato har Adamawa.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Unguwannin da ke kewaye da Dala sun yi suna wajen goyon bayan Malam Aminu Kano, wanda gidansa na Mumbayya yake Gwammaja, kuma jam'iyyar NEPU a Kano aka kafa ta a 1950. Da yawa daga cikin iyayenmu ba su tare da jam'iyyar NPC ta Sardauna, wasunsu ma sun sha wuya a kan haka. Amma mun tashi mun ga irin waɗannan dattawa, idan aka sako Ɗanƙwairo a rediyo, sai su yi tsit har a gama, sa'an nan su koma musunsu na siyasa. Ba su yarda da abin da waƙar take yabo ba, amma sun san aikin gwani idan sun ji shi. Wannan adalci ne da muke ganin ya yi ƙaranci a yau.

Ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna a juyin mulkin soja na farko. Bayan haka al'amura suka yi ta sauyawa. A 1967 aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida, daga baya aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon sarakuna. Makaɗin fada da cinsa da shansa da suturarsa da dokinsa duk daga hannun ubangida suke fitowa, ba zai rasa jin wannan a jikinsa ba. Wasu gidajen kiɗa daga nan suka fara dusashewa. Ɗanƙwairo kuwa sai ya faɗaɗa fagensa. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu waƙoƙin da har yau ake sa su a sahun gaba na waƙoƙin sarauta. Ya yi wa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Ya yi wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wanda ya hau gadon Dabo a 1963 ya riƙe har 2014. Ya kuma yi wa hakimai da attajirai, bai kuma yar da waƙar noma da ya tashi a cikinta ba. Da zamanin kaset ya zo, sai ya zama babu tashar mota ko rumfar kasuwa a Kano da ba a jin kotsonsa.

Matsayinsa a Cikin Makaɗa

Ɗanƙwairo bai fito shi kaɗai kamar naman kaza ba. Ƙasar Sakkwato da Zamfara da Gobir ta fitar da jerin makaɗan fada da ba a taɓa mantawa da su: Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, Aliyu Ɗandawo, da Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. A Katsina kuma ga Muhammadu Sarkin Taushi. Kowannensu yana da abin da ya fi ƙwarewa a kai. Abin da aka fi shaidar Ɗanƙwairo da shi shi ne zaƙin murya, da tsarin amshi, da kaifin habaici da zambo, inda yakan siffanta abokin hamayyar ubangidansa da wata dabba ko wata kama, ba ya kiran suna, amma duk wanda ke fadar ya san inda aka dosa.

Gaskiya ɗaya ce, zambo ba abin yabo ba ne ga wanda aka yi wa, kuma akwai gidajen da suka ji zafinsa. Haka nan makaɗin fada ba alƙali ba ne, aikinsa ya ɗaga ubangidansa, saboda haka mai neman tarihi a waƙarsa sai ya tace. Amma duk da haka, a cikin waɗannan waƙoƙi akwai salsalar gidajen sarauta, da sunayen garuruwa da sarautu, da ɗimbin kalmomin da suka fara ɓacewa daga bakin jama'a. Mu Kanawa ta bakinsa da yawanmu muka fara sabawa da Hausar yamma, inda ake cewa shina a maimakon yana, ake kiran Tsafe da Tsahe, ake ce wa 'ya'ya ɗiya. Da muna koyar da Hausa, babu misalin karin harshe da ya fi saurin shiga kan yara kamar wannan.

Masana ma ba su bar abin ya wuce su ba. A 1971 wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa bayan bincike a Zariya da Katsina. A nan gida kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa, kuma ɗalibai da dama sun sami digiri a kan nazarin waƙoƙin mutumin da bai taɓa zama a aji ba.

Rasuwarsa

Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a watan Satumba na 1991, yana da shekara fiye da tamanin. Bayansa 'ya'yansa suka ɗauki kotso suka ci gaba, kamar yadda shi ma ya karɓa daga magabatansa, domin ya yi musu irin horon da aka yi masa. Fiye da shekara talatin ke nan da rasuwarsa, amma har yau idan aka yi naɗin sarauta, ko aka ga mahaya sun fito da ado, waƙarsa ce take fara zuwa bakin mutane, kuma jikokinmu da ba su taɓa ganin kaset ba suna ɗauke da ita a wayoyinsu.

Abin da Ya Rage Gare Mu

A nan za mu faɗi wani laifi namu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A wata makaranta da muka taɓa riƙewa, akwai wani yaro ɗan gidan makaɗa da ba ya iya zama sai yatsunsa suna kaɗa tebur. Mun hore shi a kan haka ba sau ɗaya ba, har muka taɓa gaya masa a gaban 'yan ajinsu cewa ya zaɓa, ko boko ko roƙo. Yaron ya daina, ya kuma daina bin mahaifinsa. Karatun bai yi nisa ba. Bayan shekaru da uban ya rasu muka je ta'aziyya, sai muka hangi gangunansa a rataye a zaure, fatunsu sun tsage, babu mai taɓa su. A ranar muka gane cewa mun rufe wata makaranta da hannunmu, ba mu kuwa buɗe masa wata ba. Da mun san abin da muka sani yau, da mun ce masa ya riƙe duka biyun.

Irin wannan rufewa tana faruwa a unguwanninmu ba tare da an lura ba, kuma ba a kiɗa kaɗai ba. Ƙira da jima da dukanci da rini da gini duk da irin wannan tsari aka riƙa miƙa su daga hannu zuwa hannu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano a cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin farin ciki ne, amma hawa ba dawaki da riguna kaɗai ba ne. Akwai tambari da kakaki da algaita da kotso, kuma kowannensu sai an sami yaron da ya yarda ya shekara goma yana koyo kafin a ji shi a bayan sarki. Takardar yabo ba ta busa algaita.

Yau da yawa daga cikin matasanmu masu sha'awar waƙa sukan shiga situdiyo, na'ura ta yi musu kiɗa, ta gyara musu murya, kafin mako ya zagayo waƙa ta bazu. Ba mu ce wannan laifi ba ne, kowane zamani da kayan aikinsa, kuma a cikinsu akwai masu basira ƙwarai. Abin da muke tsoro shi ne kowa yana son ya zama jagora, babu mai son ya yi amshi. Haka abin yake a gareji da shagon ɗinki da wajen kafinta, yaro ya yi wata shida ya ce ya iya, ya buɗe nasa, ya ɓata kayan mutane.

Saboda haka muna ba ƙungiyarmu shawara uku. Ta farko, kwamitin ilimi ya bi gidajen masu sana'ar gado da suka rage a Ƙofar Dawanau da kewayenta, makaɗa da waɗanda ba makaɗa ba, a ɗauki bayanin dattawansu a naɗe a kuma rubuta, tun suna raye. Ta biyu, a roƙi shugabannin makarantunmu su riƙa gayyatar irin waɗannan dattawa su yi wa yara bayani, domin ɗan gidan sana'a ya daina jin kunyar gidansu. Ta uku, a cikin tallafin da ƙungiya take bai wa ɗalibai, a keɓe wani kaso ga yaran da suka daure suka kammala koyon sana'a a hannun maigida, a karrama su a taron shekara kamar yadda ake karrama masu digiri.

Kammalawa

Rayuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ta nuna mana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ta kuma nuna cewa ko ɗan barewa sai ya bi uwarsa kafin ya san hanyar ruwa. Ya gaji kiɗa, Allah ya ba shi murya, duk da haka ya yi hidima, ya yi amshi, ya yi Daudu, sai da furfura ta kusa sa'an nan duniya ta san shi. Shekarun da ya yi a baya su ne suka riƙe waƙoƙinsa har suka wuce shi da shekara talatin ba su tsufa ba.

Muna roƙon Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da duk magabatan wannan unguwa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su haƙurin koyo, ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai, ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya. Amin.